Shawarar 'Ya'yan Mutane

Kawuna jimloli huɗu ya mallaka a duniya, kuma da su ya yi suna a matsayin gwanin ba da shawara. "Ku san mai sayen kayanku." "Ku fara da abin da ke hannunku." "Kada ku ji tsoro." Sai ta huɗun da yake rufewa da ita yana dafa ƙirji: "Ni ma da haka na fara." Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta. Tun da Kawu ya gama makaranta ya shiga kamfanin fenti bai sake leƙa waje ba, shekara ashirin da bakwai ke nan, har ya kai manajan sashen ciniki. Ko teburin ashana bai taɓa kafawa da kansa ba.

Ni ce sakatariyarsa. Shi ya samo mini aikin shekara tara da suka wuce, kuma bai taɓa bari na manta ba. A ofis ina ce masa Yallaɓai, a gida Kawu. Shi kuwa ko'ina Auta yake ce mini, har a gaban baƙi, ni da nake da shekara talatin da uku.

Shekara uku da suka wuce wata cibiya mai tallafa wa masu sabbin sana'o'i ta roƙe shi ya riƙa yi wa matasansu jagora. Suna son a ga hoton babban manaja a bangonsu, shi kuma yana son a ga hotonsa a bango, sai magana ta daidaita nan take. Suka haɗa shi da mutum shida. To, ga mitin ɗin safe, ga na rana, ga rahoton wata, ga shugaban kamfani da ke kiransa ko yana banɗaki. Ina Kawu zai ga lokacin karanta saƙonnin matasa? Sai ya ware musu minti goma sha biyar duk ranar Alhamis. Ya rufe ƙofa, ya zare takalmansa a ƙarƙashin tebur, ya kishingiɗa a kujera mai juyawa, ni in karanta tambaya, shi ya jefo ɗaya daga cikin jimlolin nan huɗu. Sannan ya ce, "Auta, ki ɗan gyara ki tura."

Ɗan gyaran nan shi ne in kwashe Asabar ɗina a kasuwa ina tambayar 'yan tireda dalilin da ya sa ba sa ɗaukar kayan wane, in buga wa wannan waya, in je in ga wancan, in dawo in rubuta shafi uku, sannan in sa sunan Kawu a ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, ina son aikin. Na fi son sa a kan duk wasiƙun fenti da na taɓa bugawa. Abin da ke ci mini rai kawai shi ne ranar da matasan za su turo godiya, in karanta masa, ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ai ƙwarewa ba ta ɓuya."

Ko sunayensu bai riƙe ba. Akwai Mai Takalma, akwai Mai Kaji, akwai wasu 'yan biyu masu haɗa manhajar waya da yake kira 'Yan Latse-latse. Sai kuma Injiniya, wata siririyar mata mai kaifin ido da ke ƙera firji mai aiki da hasken rana don masu sayar da kayan miya a kasuwa, kada tumatirinsu ya riƙa ruɓewa kafin la'asar.

Ita ta fara fitowa fili ta nuna ta kama mu. Cibiya ta shirya wa jagorori ziyarar wuraren aikin matasansu, muka je shagonta, wani tsohon gareji cike da wayoyi da warin dalma. Kawu ya zagaya firjin sau biyu hannu a baya, ya bubbuga murfinsa kamar mai zaɓen kankana, ya ce, "Madalla, madalla. Ƙwai nawa yake ƙyanƙyashewa a lokaci guda?"

Ina bayansa ina motsa baki, firji, firji, amma ina, ya riga ya saki. Injiniya ta dube shi. Ta dube ni. Ta ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, duk ƙwan da aka sa a cikin wannan sai dai ya yi mura."

Kawu ya bushe da dariya ya ce yarinyar akwai barkwanci. Da ya fita amsa waya, ta jawo ni bayan tulin batura.

"Ke ce ko?"

"Ni ce me?"

"Haba 'yar'uwa. Wanda ya rubuto mini in rage tsayin firjin saboda matan kasuwa a zaune suke ciniki, ba shi ne wannan mai neman 'yan tsaki ba."

Ba ta jira amsa ba. Ta ce ƙungiyar matan kasuwa ta ba ta aiki babba, ita kuma waya da ƙusa ta iya, ba ta iya mutane ba, in ta yi magana da mai saye minti biyar sai sun yi faɗa. Tana neman abokiyar tafiya, ba 'yar aiki ba, ita ta riƙe gareji, ni in riƙe kasuwa, sunayenmu biyu a takarda. Amma zuwa ƙarshen wata take son amsa, don ƙanin mijinta ya riga ya fara zuwa yana gwada kujerar. Ta ce, "In kin ƙi, shi zan ɗauka, kuma alhakina yana wuyanki."

Wallahi a ranar ban san yadda na koma ofis ba. Na buga wasiƙa guda sau uku, duk da kuskure.

Na sami Umma tana ninke wanki na faɗa mata. Ta saurare ni tsaf har na gama, sannan ta yi tambayar da na san za ta yi: "Me Yaya ya ce?" Tun rasuwar Baba, ko ƙwan fitila Umma ba ta canjawa sai ta ji ta bakin yayanta. Za ku ce ai ni ba yarinya ba ce, in ajiye aiki in kama gabana mana. Ku ba ku san Umma ba. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Shiru take yi, ta riƙa ajiye mini abinci a rufe tana wucewa, har sai na ji kamar ni na kashe wani. Kuma gida ɗaya muke. Ban da haka ma, ba na son in fara abin da nake so ranta a ɓace. Don haka magana ta tsaya a wuri guda: sai Kawu ya ce to da bakinsa, kafin wata ya ƙare.

Na same shi ranar Litinin. Ban ma kai ƙarshen bayani ba ya ɗaga hannu.

"Firji? Auta, firji? In rana ta ƙi fitowa fa?"

"Kawu, akwai batir."

"A ofis muke."

"Yallaɓai, akwai batir."

"Ki bar aiki mai inshora, mai hutu, mai fansho, ki koma gareji? Aikin kamfani rufin asiri ne. Ki nutsu. Wannan zancen ya mutu a nan, kuma kada in ji kin ɗaga wa uwarki hankali da shi."

Ranar Alhamis ɗin makon, na karanta masa saƙon Mai Takalma, wanda ke tunanin barin koyarwa ya riƙe ɗinkin takalma gaba ɗaya. Kawu ya lumshe ido ya ce, "Ki ce masa kada ya ji tsoro." Na dubi mutumin nan, ƙafafunsa cikin safa a kan kwandon shara. Na tura wa Mai Takalma shafinsa uku, na koma gida ina saƙa abin da zan yi.

Alhamis ta gaba, saura kwana tara wata ya ƙare, na shigo da fara'ata.

"Yallaɓai, matasan nan suna ƙorafi. Sun ce rubutu kawai suke gani, suna marmarin jin muryarka."

Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don ɗaya daga cikin 'Yan Latse-latse ya taɓa faɗin haka, ko da yake da wata irin dariya ya faɗa. Kawu kuwa ba abin da yake so a duniya kamar muryarsa. Ya miƙe zaune, ya yi gyaran murya har sau biyu, ya ce in kawo wayar in ɗauki muryarsa.

"Akwai wata sabuwa," na ce. "Tambayarta ta ɗan bambanta."

"Me take sayarwa?"

"Kayan sanyi."

"To, Mai Sanyi. Karanto."

Na karanto. Kuma ina so ku shaida, ko kalma ɗaya ban ƙara a kan gaskiya ba. Wata mata ce ta shekara tara a ƙarƙashin maigida ɗaya. Ita ke yin aikin, shi ke karɓar godiya. Yanzu ta sami wadda za su haɗa hannu su kafa nasu, ga masu saye suna jira, amma maigidan ya ce ba inda za ta je, ta nutsu.

Kawu ya tsuke fuska. "Shekara tara?"

"Tara, Yallaɓai. Kuma ɗan'uwanta ne."

Da na faɗi wannan na ce a raina shi ke nan, na wuce gona da iri, yanzu zai ɗago. Sai ya buga tebur.

"Ɗan'uwa! Ai su ne ma suka fi! Danna, danna mini abin nan."

Na danna. Jama'a, shekara uku ina jiran Kawu ya wuce jimla huɗu, sai ranar Allah ya buɗe masa baki. Ya tashi tsaye da safarsa, yana kai da kawo tsakanin taga da kabad ɗin fayil, yana nuna wayar da yatsa. Ya ce ya san irin waɗannan manyan, ya zauna da su a mitin, ragwaye ne masu hawa bayan na ƙasa da su. Ya ce mutumin ba tausayinta yake ji ba, kansa yake ji, don ya san ranar da ta fita asirinsa ya tonu. Ya ce, "'Yata, ki saurare ni da kyau. Shekara tara ta isa. Kada ki ƙara masa ko wata guda. Wanda ya ce ki nutsu, so yake ki tsufa a kan kujerar da ba taki ba." Ya tsaya ya sha ruwa, ya dawo. "In kuma danginki sun tsaya miki a hanya, ki tara su ki kunna musu wannan saƙon, ki ce ni na ce!"

Minti huɗu da daƙiƙa goma. Ya zauna yana haki, fuskarsa sai sheƙi take.

"Ya kika ji?"

"Yallaɓai, ban taɓa jin ka yi magana mai kyau irin wannan ba."

"Wannan ba sai kin gyara ba."

"Ko kaɗan," na ce.

Duk Lahadi da la'asar Kawu yakan zo gaida Umma. Ya zauna a kujerar Baba, wadda ba mai zama a kanta sai shi, a kawo masa shayi da biskit, ya ba mu labarin yadda kamfani zai durƙushe in ba don shi ba. Na bari ya sha rabin kofi, don ko ba komai kawuna ne. Sannan na durƙusa gefen Umma na ce, "Umma, na kai maganata wurin wani babban masani, ya ba ni shawara. Ya ce in tara dangi in kunna musu."

Kawu ya ce, "Wane masani kuma? Masana sun yi yawa yanzu, kowa ya sayi tabarau sai ya ce..."

Na danna.

Muryarsa ta cika falon. Da farko har murmushi ya yi, ya ɗaga yatsa yana shirin ce wa Umma ta ji yadda ake jawabi. Aka zo wurin shekara tara, yatsan ya sauka. Aka zo wurin ragwaye masu hawa bayan na ƙasa, biskit ɗin da ya tsoma a shayi ya narke ya faɗa ciki bai sani ba. Umma kuwa ta ajiye carbinta a cinya, tana kallon wayar, tana kallon yayanta. Ba wanda ya motsa har muryar ta ce "ki ce ni na ce!" ta yi shiru.

"Wannan," in ji Kawu, sai ya tsaya. Ya sake ɗaukowa. "Wannan ai yaudara ce. Auta, kin yaudare ni."

"Wace kalma ce ƙarya a ciki, Kawu?"

"Ba ki ce ke ce ba!"

"Ba ka tambaya ba. Ka tambayi abin da take sayarwa."

Ya juya wurin Umma, don ya san nan ne ƙarfinsa yake. Ya sassauta murya. "Ke ma kin sani, ba haka abin yake ba. Wannan shawara ce ta aiki. Irin wadda ake ba 'ya'yan mutane ce. Ita kuwa Auta tamu ce."

Na ɗauka shi ke nan, Umma za ta ce gaskiyar Yaya ne, ta ce in ba shi haƙuri. Har na fara jin hawaye na taruwa, na haushi. Sai na ji ta ce, a hankali, kamar mai tambayar farashin albasa:

"Yaya, ban gane ba. Fahimtar da ni."

"Ai shi ne nake..."

"Shawarar nan mai kyau ce ko marar kyau?"

Kawu ya buɗe baki.

"Don in marar kyau ce, to shekara uku ke nan kana tura 'ya'yan mutane rami, su ma da iyayensu mata a gida. In kuwa mai kyau ce, to 'ya'yan mutane kake ba abu mai kyau, ka hana tawa. Wanne ne a ciki?"

Tun da nake ban taɓa jin Umma ta yi wa yayanta tambaya biyu a jere ba. Ni kaina sai da na tsorata. Kawu ya dubi silin, ya dubi kofinsa, ya ga abin da biskit ya zama, ya ajiye. Fanka tana ta juyawa. A waje wani yana ta danna hon.

"Mai kyau ce," ya ce daga ƙarshe, can ƙasa.

"Ban ji ba, Yaya, ka san kunnen nawa."

Kunnen Umma lafiyarsa ƙalau. Tana jin buɗe firji daga ɗaki na uku.

"Na ce mai kyau ce. Ta je. Allah ya sa albarka."

"Amin," in ji Umma, ta ɗauki carbinta. Sannan ta harare ni. "Ke kuma tashi ki raka kawunki, marar kunya."

Na bi shi a baya har mota, ina riƙe da hularsa da ya manta a hannun kujera. Na yi nasara, kuma na ɗauka zan ji kamar in yi rawa. Amma da na ga yadda yake laluben makulli a aljihun da ba shi ba, sai murnar ta ragu. Ban taɓa lura furfurarsa ta kai haka ba.

Ya shiga ya zauna, bai tayar da motar ba. Ya sauke gilashi.

"Su yaran," ya ce, yana kallon sitiyari. "Sun san ke ce ke rubutawa?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, ƙarama, mai sauƙi, irin wadda na saba yi masa. Na haɗiye ta.

"Sun sani, Kawu."

"Dukkansu?"

"Dukkansu."

"Tun yaushe?"

"Wasu tun shekarar farko."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kuma in na shiga suke tashi tsaye."

Na miƙa masa hular, ya karɓa ya ɗora a kujerar gefe maimakon kansa. Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar abin da na yi, ko da yake in za a sake, zan sake.

Ya murɗa makulli, motar ta tashi. Ya ce, "Gobe ki kawo mini takardar ajiye aiki da safe, kafin mitin, in sa hannu in kai sama da kaina."

"To, Kawu."

"Ki rubuta ta da kyau, yadda kika saba." Sannan ya dube ni, karo na farko tun da muka fito. "Wannan dai ki sa sunanki a ƙasa."

Ya ja motar ya tafi, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina kuka kamar wata sakarya, har Umma ta leƙo ta ce in shigo in kwashe kofuna.